Yashi a Akushin Iya

Har yau idan bazara ta kankama, na ga masu lambu suna shigowa gari daga fadama da buhunan salak a bayan babur, Iya nake tunawa. Iya kakata ce ta wajen uba. Gajeruwa ce mai kaifin baki, ba ta iya ganin mutum a zaune ba ta samo masa aiki ba. Ni "ƙawata" take kirana, amma ƙawancen bai taɓa hana ta ranƙwashina ba.

Tsohon gidanmu a cikin garin Haɗeja yake, ɗaki uku da zaure, mu kuwa mu goma sha ɗaya ne. Akwai Baba da Umma da mu 'ya'yansu huɗu, ga Baffa Idi ƙanen Baba da matarsa Inna Larai da yaransu biyu, sai Iya. Tabarma biyu ke cinye tsakar gidan. Idan ka miƙe ƙafa sai ka shuri wani, idan ka yi kuka a ɓoye kafin ka share hawaye kowa ya san dalili.

Da zafi, tuwo ba ya wuce mana maƙogwaro, don haka Baba kan dawo daga lambu da salak da tumatir da albasa da gurji, Iya ta yi kwaɗo. Ba ta yarda kowa ya yi mata. Sau uku take wanke ganyen, kowane da sabon ruwa, saboda yashin fadama yana maƙalewa a gindin salak. Ta yayyage shi da hannu, ta yanka albasa siri-siri, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta ɗiga man gyaɗa, ta matse lemon tsami. Sannan ta cuɗa shi a cikin wani baƙin akushi da ta zo da shi tun ranar da aka kawo ta gidan. Baba da Baffa a kan ɗibar musu a kwano, su zauna bakin zaure. Sauran mu kuwa, mata da yara, hannu tara ne a akushi ɗaya.

Bayan sallar magariba ake yin wannan, kusa da murhu. Duk zafin gari Iya ba ta barin garwashin ya mutu, wai hayaƙi ne ke korar sauro. Dokarta ɗaya ce, ba a tatsuniya sai an suɗe akushi tas. Idan ta ga ya fita, sai ta kife shi, ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin kogi, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta wanke ƙafa ta shigo." Baba kullum cewa yake tatsuniya aikin yara ce, amma ban taɓa ganin ya tashi daga bakin zauren nan kafin a gama ba.

Shekarar da na cika goma aka gama ginin sabon gida a bayan gari. Shekaru Baba da Baffa suka yi suna yin sa, duk kakar shinkafa a ɗora wani abu. Ɗaki bakwai, sashe biyu, kowane sashe da kicin ɗinsa, ga tsakar gida an shafe ta da siminti, faɗinta ya isa a yi wasan 'yar gala-gala gida goma. Mu yara murna ta hana mu zama. Ni da ƙanwata Hauwa aka yi mana alkawarin ɗakinmu mu kaɗai, na dinga zana inda zan ajiye akwatina a kan ƙasa. Iya ce kawai ba ta taya mu murna ba, kuma wannan abu ne da ya kamata mu lura da shi.

Ana gobe za mu tashi, bayan an suɗe akushi, ta ba mu labarin wata tarwaɗa.

Wai tarwaɗar nan tana zaune da 'ya'yanta a wani ɗan kududdufi a gefen fadama. Wurin ya yi musu kaɗan ƙwarai, har idan ɗaya zai juya sai duka sun juya. Kullum 'ya'yan suna mita, wannan ya ce an taka masa gashin baki, wancan ya ce an danne masa wutsiya. Ana nan sai damina ta yi albarka, kogi ya cika ya batse, ruwa ya zo ya haɗe kududdufin da babban kogi. 'Ya'yan suka fantsama da murna, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, kowa ya samo lungunsa. Da yamma ta yi, uwar ta kira su kamar yadda ta saba. A kududdufi ko raɗa ta yi ana ji. A kogi kuwa ta kira har muryarta ta dushe, ruwa ya tafi da kiran.

Nan Iya ta tsayar da labarin. Muka ce sai me? Ta ce sauran bai zo ba tukuna, ƙafarsa ta maƙale a laka. Muka yi magiya, muka yi rigima, sai ga kiran sallar isha'i, ta ɗauki butarta ta bar mu.

Washegari aka kwashe kaya a motar a-kori-kura. Iya ce ta zo ƙarshe, da ƙullin kayanta a cinya. Ɗakin da ya fi kowanne girma aka ba ta, da fanka da taga biyu. Ta duba, ta sa wa ginin albarka, ta ajiye ƙullin a bayan ƙofa, ba ta kwance ba. Da Baba ya tambaya, sai ta ce ita baƙuwa ce, rakiya ta yo mana, Juma'a ta sama za ta koma ɗakinta. Tsohon gidan ba a sayar ba, wani ɗan'uwan Baba ne zai zauna a ciki da iyalinsa, ta ce ba za su rasa ba ta ruwan alwala ba. Baba ya ɗauka fushin tsufa ne, zai wuce.

Mu kuwa muka shiga sabuwar duniya. Kowane sashe ya ɗora tukunyarsa a kicin. Umma ta sayo farantai dozin guda, kowa da nasa. Aka sa talabijin a falo. Kwaɗo ba a daina yi ba, amma Umma ta yi namu, Inna Larai ta yi nasu, a zuba a faranti, kowa ya ɗauka ya shige inda fanka take. A kai wa Iya nata, ta ci loma biyu, ta rufe ta mayar. Bayan magariba takan shimfiɗa tabarmarta a tsakiyar simintin nan mai faɗi, ta zauna tana jan carbi. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma wuce ta nake yi da farantina, in ce "Iya sannu," in shige falo. Babu wanda ya yi faɗa da wani, babu wanda ya ɓata mata rai. Sai dai na yi kwana uku ban sa yaran Baffa a ido ba, alhali gida ɗaya muke.

Ranar Alhamis da rana na ji Baba yana gaya wa Umma cewa ya yi iya yinsa, ya roƙa, ya sa Baffa ya roƙa, ta ƙi. Ya ce ba zai tsare mahaifiyarsa inda ba ta so ba, ya riga ya yi magana da mai mota, gobe da hantsi zai zo. Sai a lokacin na gane da gaske ne, kuma abin da ya fara zo mini shi ne tarwaɗar nan da ke kira babu mai ji. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi kunyar yawa.

Bayan la'asar Iya ta fita yi wa sababbin maƙwabta sallama. Na shiga ɗakinta na yi abin da ko Umma ba za ta yi gigin yi ba, na kwance ƙullin. Zannuwanta ne, da turare, da wani farin yadi a ninke da kowa a gidan ya san na mene ne. A ƙasa, an naɗe shi da tsohon zane, ga akushin. Ashe da shi za ta koma.

Na ɗauke shi. Na kwashe duk salak ɗin da Baba ya kawo, namu da na sashen Baffa, da tumatir da albasa da gurji, ban bar ko ganye ɗaya ba. Na tsoma ganyen a ruwa sau ɗaya na tsame. Na daka ƙuli, na cuɗa kamar yadda na ga tana yi. Sai na tuna ba a tatsuniya babu murhu. Na samo guntayen bulo uku da suka rage na gini, na jera su a tsakiyar sabon simintin Baba, na tara kara da ɗanyen itace, na ƙyasta ashana.

Hayaƙin da ya tashi ba kaɗan ba ne. Ya shiga falo, ya shiga sashen Baffa, ya shiga ko'ina. Kafin ka ce kwabo kowa ya fito da gudu, ana tambayar me ke ƙonewa. Umma ta ga simintin, ta ga kwandon salak babu komai, ta ce yau sai na gaya mata wanda ya aike ni. Na tsaya da akushi a hannu, ido na hawaye, rabi na hayaƙi rabi na tsoro. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

A haka Iya ta yi sallama ta shigo. Ta dubi wutar, ta dubi akushin, ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Na sa rai da ranƙwashi. Sai ta ce a ɗauko mata tabarmarta, a bari a yi magariba tukuna.

Da aka idar, ta zauna kusa da murhun nawa, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma. Duk wanda ke wurin ya ji ƙarar yashi a haƙoranta.

"Ƙawata, sau nawa kika wanke ganyen nan?"

"Sau ɗaya, Iya."

"Na ji alama. Fadamar kika kwaso mana gaba ɗaya."

Ta sake kai hannu. To, tunda Iya na ci, wa ya isa ya ce akwai yashi? Ga shi babu wani kwaɗon a gidan. Inna Larai ta zauna, Umma ta zauna tana hararata, yara suka kewaye. Aka ɗibar wa Baba da Baffa a kwano, suka jingina da bango. Muka ci, yashi na ƙaras-ƙaras, Hauwa na ta ƙunshe dariya har ta shaƙe. Aka suɗe akushi tas. Iya ta kife shi, ta ce waccan tatsuniyar da ta maƙale a laka ta samu ta zaro ƙafarta. Muka ce ta wanke ta shigo, kuma na rantse na ji muryar Baffa a cikin masu amsawa.

Wai tarwaɗa ta gaji da kira, ta yanke shawarar komawa kududdufinta. Tana cikin haɗa kai da gwiwa a gindin wata giyayya, sai wata 'yar ƙaramar jikarta, marar wayo marar kunya, ta zo ta hau burgima a cikin laka. Ruwa ya gurɓace, duhunsa ya bi kogi. 'Ya'yan da ke gabas da na yamma suka gani, suka sheƙo a guje, suna tambayar me ya faru. Babu abin da ya faru, amma tunda an zo sai aka zauna. Gobe ma aka gurɓata ruwan, jibi ma haka, har ya zama ko ba a gurɓata ba, yamma na yi kowa ya nufo gindin giyayya.

"Shi ya sa," in ji Iya, "duk faɗin kogi, masunta wuri ɗaya suke tarar da tarwaɗa. Na ajiye ta nan, wanda ya tsinta tasa ce."

Da hantsi mai mota ya zo. Iya ta leƙa ta ce a ba shi haƙuri, ba za ta iya tafiya ta bar jikokinta a hannun mai ciyar da mutane yashi ba, sai ta koya mata wankin ganye. Baba ya juya ya shiga ɗaki da sauri, ya daɗe bai fito ba. Koyon wankin ganyen nan shekara goma sha huɗu ya ɗauka, har ranar da aka warware farin yadin.

Bayan na girma na tambayi tsofaffi da yawa, babu wanda ya taɓa jin tatsuniyar tarwaɗa. Wata rana ina yi mata kitso na ce, "Iya, da ban yi kwaɗon nan ba, yaya labarin zai ƙare?" Ta ce, "Da ta koma kududdufinta mana. Tsaya ki ji, kina ja mini gashi."

Da ina yarinya na ɗauka Iya ƙin sabon gida take yi. Yanzu na san ba ta ƙi faɗi ba, ita ma ta gaji da shurin ƙafafunmu. Abin da ta hango shi ne, a ƙaramin gida ƙunci ke tara mutane ko sun so ko sun ƙi, a babban gida kuwa sai wani ya tashi ya tara su. Ita ba za ta roƙi 'ya'yan cikinta su zo su zauna da ita ba, jira take ta ga ko akwai wanda zai yi kewa.

Bara ni da maigidana muka tashi daga ɗaki biyu muka koma gida mai ɗaki biyar. Sati bai cika ba kowane yaro ya shige ɗakinsa da waya a hannu. Ban yi faɗa ba, ban kira kowa ba. Na ɗauko akushin, don ni aka bar wa shi, na wanke salak sau uku, na hura gawayi a tsakar gida, na jefa masa ɗanyen kara da gangan. Autata ce ta fara fitowa tana tari, tana tambayar me ke ƙonewa. Na ce babu komai, ta je ta wanke hannu ta kira 'yan'uwanta.