Famfon Da Na Ce Yana Aiki

Kafin in lalace, caja da murfin waya nake sayarwa a kasuwar Gudu. Ba ni da komai, amma ina barcina lafiya, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa.

Sai wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse ta fito da wani tsari. Ma'aikatanta ba za su iya zagaye kowane ƙauye ba, don haka ta ce duk mai waya ya ɗauki hoton famfon da ya gani, ya faɗi ko yana ba da ruwa, a tura masa katin waya. Wallahi tsarin ya yi kyau. Na ga famfon da aka gyara don kawai matan ƙauye sun yi magana. Ni ma na shiga, ina bin ƙauyukan Kwali duk ranar Lahadi.

A can na san Baba Danjuma, wani tsoho manomin doya. Bai taɓa bari na tafi ban ci sakwara ba. Yana da jika, Ladi, wadda yake ji da ita kamar ransa.

Wata Lahadi aka wuni ana ruwa, ƙyuya ta kama ni, na tura tsohon hoto ina zaune a rumfata. Ba wanda ya gane. Daga nan na daina zuwa. Ana haka ɗan kwangilar da aka ba gyaran famfunan ya neme ni. Ya ce, "Mutanen nan yawan baki suke bi. In ɗaya ya ce ya lalace, goma suka ce yana aiki, magana ta ƙare." Na gane inda ya dosa, na kuma karɓi abin da ya miƙo. Na tara tsofaffin wayoyi da layuka, ni kaɗai na zama jama'a.

Rannan Baba ya kira ni da wayar maƙwabcinsa. Ya ce, "Ɗana, famfo ya mutu, yara suna shan rafi. Ka gaya wa shugabannin ƙungiyar." Na ce, "An gama, Baba." Ina ajiye wayar na tura da sunaye iri-iri cewa famfonsu lafiya lau yake. Maƙwabcin ya tura gaskiya, amma ƙaryata ta rinjaye shi.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa ya shiga ƙauyen. Ladi tana cikin waɗanda suka rasu. Da aka yi bincike, a rumfata aka samu wayoyin. Alƙali ya tura ni gidan yari, ni da ɗan kwangilar. Ban yi kukan ɗaurin ba, na san kaɗan aka yi mini.

Da na fito na tuba ga Allah, na tafi neman gafarar Baba. Na same shi ya rame, yana zaune a kan turmi. Na durƙusa, na kasa haɗa ido da shi.

Samari, in an ce jama'a su faɗi abin da suka gani, ku faɗi abin da idonku ya gani, ko ku yi shiru. Akwai mai jiran amsarku da ransa. Kada ku bi hanyata.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Da ka ce mini ba za ka gaya musu ba, ɗana, da na taka da ƙafata na je."