Turakun Gonar Ibu Darmi

Shekara ashirin da shida ke nan da masu awo suka kafa jajayen turaku a gonar Ibu Darmi, wai titin saukar jirgi zai biyo ta nan. Tun daga lokacin barkono da wake kawai take shukawa, abin da ba ya wuce wata uku. Waken ma turakun yake hawa.

Bana, tana da shekara saba'in, ta dasa itacen durian, mai manyan 'ya'ya masu ƙaya. Hendra, injiniyan filin jirgin, ya leƙo ta shinge.

"Ibu, wannan sai ya shekara takwas zai yi 'ya'ya. Aiki kuwa baɗi za a fara."

"Haka babanka ya ce mini ranar da suka kafa turakun nan, ɗan nan. In ya nuna, ka zo da kwando."

Sai Hendra ya tambaya ko da sauran dashe, shi ma ya dasa.