Rabin Gidan da Muka Saya a Garwa

A shekarun da aka zaftare wa ma'aikata albashi, har kalmar kriz, wato matsin tattalin arziki, ta shiga bakin tsofaffin da ba su jin faransanci, aka sallami maigidana daga aiki. Makaniki ne a wani kamfani mai jigilar auduga. Ya dawo da rana tsaka, ya ajiye akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofa, ya ce mini an ba su kuɗin sallama, ba sauran komawa.

Lokacin muna zaune a gidan baffansa, babban gida na 'yan kasuwa waɗanda kakanninsu suka zo daga Katsina da fataucin goro. Ɗaki ɗaya da rumfa aka ba mu tun aurenmu, a nan na haifi 'ya'yana uku. Ba a karɓar haya a hannunmu, amma ba a bari mu manta ba. Idan na hura wuta zan soya ƙuli-ƙuli, wanda shi ne sana'ata, sai matan gidan su ce hayaƙi ya ishe su. 'Ya'yan baffa, masu shaguna a kasuwa, suna kiran maigidana mai baƙin mai, wai da wasa. Yakan yi dariya tare da su, ya shigo ɗaki ya kasa cin abinci.

Yayana yana Ngong, yana sayen gyaɗa da masara a bakin hanya. Da ya ji labarin sallamar sai ya zo da kansa. Ya ce akwai fili kusa da nasa, dab da kwalta, kuma ba tsada. Manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngaundere a nan suke tsayawa, ba su da makanikin kirki. Ya ce da kuɗin sallamar za mu sayi filin, mu gina ɗakuna, a kafa rumfar gyaran mota, har a samu ragowa. Ni kuma ga gyaɗa da araha a ƙofar gida.

Ina jin wannan zuciyata ta riga ta tafi. Maigidana ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Yaya, na gode. Amma a Garwa aka haife ni, a nan kabarin mahaifina yake. Idan na tashi yanzu, cewa za a yi gari ne ya kore ni."

Bayan tafiyar yayana na yi ta magana. Na ce masu cewar ba su za su ciyar da mu ba. Na ce Ngong ba wata uwa duniya ba ce, mutum zai iya zuwa Garwa da safe ya koma da yamma. Ya ce ni mace ce, ban san yadda namiji yake ji ba idan ya girma a gari bai mallaki ko taku ɗaya a cikinsa ba. Abin da yake so shi ne ya fita daga gidan baffansa zuwa gidansa na kansa, 'ya'yan baffa suna gani.

Sai aka shiga nema. Kuɗin ba su isa cikakken gida a cikin gari ba. A bayan gari akwai filaye, amma ba ruwa ba makarantar yara. Wajen kogi kuma akwai araha, sai dai kowa ya san abin da Binuwai ke yi wa mutanen can idan ta cika. Ana cikin haka wani dillali ya kawo maganar wani gida a tsohuwar unguwa, gadon 'yan'uwa biyu. Babban yana zaune a gaba da iyalinsa. Ƙaramin, mai rabin baya, zai koma Maga harkar shinkafa, yana neman mai saye da gaggawa. Zaure ɗaya ne, ta tsakar gidan babban ake wucewa a shiga.

Na tambaya ko babban ya yarda. Aka ce ya yarda. Ranar ciniki a gaban jauro, mai unguwar, babban bai zo ba, aka ce ya tafi gona. Na ce a jira shi ya dawo. Maigidana ya ce ana raɗe-raɗin za a karya darajar kuɗin sefa, waɗanda ke hannu za su zama takarda, ba lokacin jira. Da aka haɗa aka ga da saura, na sayar da gadona na aure da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini, aka cike.

Ba a daɗe ba kuwa aka karya sefa, komai ya yi tashin gwauron zabi. Maigidana ya yi ta faɗa wa mutane cewa Allah ne ya sa ya yi sauri. A wannan kam ya yi gaskiya, ban taɓa musa masa ba.

Watannin farko mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗakuna biyu ne da madafa, da itacen lemun tsami a tsakar gida. Na hura wutata ba wanda ya ce mini uffan. Yara suka samu wurin guje-guje. Maigidana ya shafe bango da farar ƙasa da hannunsa, ya yanka akuya ya kira 'ya'yan baffa suka ci. Sai dai babban ɗan'uwan, maƙwabcinmu, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu ba. Matarsa ce wata rana, muna ɗiban ruwa, ta gaya mini a hankali cewa mijinta ya so ya sayi rabin ƙanensa, suka saɓa a kan farashi, ƙanen ya yi fushi ya sayar wa bare.

Bayan damina maƙwabcin ya aiko a kira maigidana. Ya ce shi bai yarda maza su riƙa ratsa tsakar gidansa ba, ga masu sayen ƙuli-ƙuli, ga abokan yarana, iyalinsa ba su da sutura. Ya ce zai yi katanga, amma ba zai toshe mu ba, zai bar mana hanya ta gefe. Maigidana ya ba shi haƙuri, ya ce zai hana kowa shigowa. Bai saurara ba. Cikin mako guda magina suka gama.

Hanyar da ya bar mana lungu ne tsakanin sabuwar katangarsa da bangon gidan maƙwabta. Mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma kafaɗunsa na gogar bango, kuma a tsakiya akwai kwana. Indararon gidajen biyu duk a ciki suke zuba. Muka je wurin jauro. Ya ce tun da muna da hanyar fita, shi ba abin da zai iya, mu yi haƙuri da juna, maƙwabtaka ce. Aka aika wa ƙanen a Maga, ya aiko da gaisuwa, ya ce shi ya riga ya sayar. Aka ce mu je kotu. Da me za mu je?

Daga nan komai ya fara ja da baya. Buhun gyaɗa ba ya shiga lungun sai an rage shi a titi, a kwaso da kwano. Matan da ke sarin ƙuli-ƙuli a wurina suka gaji da tsoma ƙafa cikin taɓo, suka koma wurin wasu. Katangar ta tare iska. Wanda ya san zafin Garwa kafin saukar ruwa zai gane abin da nake nufi: ɗaki ya zama tanda, yara su kwana suna juyi, ƙuraje su feso musu a wuya. Lemun tsamin ma ya daina 'ya'ya.

Maigidana kuwa bai da jarin buɗe wurin gyaransa, duk kuɗin sun tafi a sayen gida. Ya koma yi wa wani aiki a ƙarƙashin itace a bakin titi, mutumin da a da maigidana ne ya koya masa riƙe sifana. Daga baya ya koma gyaran babura. Wata sallah ɗaya daga cikin 'ya'yan baffa, mai jiki, ya zo gaishe mu da babbar riga fara. Ya fito daga lungun rigar ta yi jirwaye da ƙasa da gansakuka. Labarin ya zagaya dangi, aka yi shekaru ana dariya. Mutanen da aka sayi gidan domin su gani, abin da suka gani ke nan.

Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Idan na ambaci Ngong sai ya ɗauki hularsa ya fita. Yayana ya zo sau ɗaya, ya bi lungun a karkace, ya zauna ya sha ruwa. Da zai tafi na raka shi titi, na tambaye shi filin nan. Ya ce wani makaniki daga garin Gidar ya saya, yanzu har yara yake ɗauka aiki. Ban gaya wa maigidana ba.

Haka muka tsufa a ciki. Hawan jini ya kama shi, wata safiya ya faɗi a bakin madafa, ɓarin jikinsa ya shanye. Babban ɗanmu ne ya goya shi a baya ya fita da shi ta lungun, ƙafafunsa na jan bango, zuwa inda mota ke jira. Ya yi jinya wata da watanni a gida, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Da aka gama yi masa sutura aka kawo makara, ta ƙi wuce kwanar lungun. Aka juya ta, aka karkata ta, ta ƙi. Maza suka tsaya cirko-cirko, ni ina ɗaki ina jin komai. Daga ƙarshe liman ya je da kansa ya roƙi maƙwabcinmu. Ya yarda nan take. Aka kafa tsani, aka ɗaga maigidana aka miƙa shi ta saman katanga, wasu suka karɓa ta can, aka fita da shi ta zauren. Maƙwabcin, da tsufansa, ya bi jana'iza har maƙabarta. Kwana da kwanaki masu zuwa gaisuwa suna yaba masa a gabana, suna cewa maƙwabci na gari ke nan, Allah ya saka masa. Ina sunkuye cikin mayafi ina amsa amin.

Ina fita takaba babban ɗan maƙwabcinmu ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce sun ga yarana sun girma za su watse, gidan zai yi mini yawa, su suna so su saya su haɗe da nasu. Ya faɗi farashin da ko fili a bayan gari ba zai saya ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Inna, ki duba. Gidan da ba shi da ƙofa, in ba mu ba wa zai saya?"

Na ce, "Ka gaida mahaifinka. Ka ce masa ban tashi ba."

Yaran sun watse kamar yadda ya faɗa. Babban yana tuƙin mota a Ngaundere, macen tana aure a Yola, ƙaramin ya tafi kudu neman aiki. Kowannensu ya ce in sayar in dawo wurinsa. Yayana ya rasu, tsohon maƙwabcin ma ya rasu, 'ya'yansa sun ɗora bene a gaba, yanzu rana ba ta shigo mini sai ta take tsaka. Duk shekara suna aiko wani ya taya, duk shekara ina ba da amsa ɗaya. 'Yata ta ce taurin kai ne, ta ce ban taɓa son gidan nan ba, me nake tsarewa? Gwiwoyina sun fara ciwo, idan aka yi ruwa nakan kwana biyu ban fita ba, sai wata yarinyar maƙwabta ta miƙo mini cefane.