Notin da Na Take da Ƙafa

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai na kafa rumfar gyaran rediyo a kasuwar Dutsin-Ma. Sabo ne ni fil, ba ni da jari sai sukudireba biyu da sunan da nake fafutukar yi. Mutane kuwa ba su yarda da masu gyara ba. Cewa ake muna sace kayan cikin akwati mu sa tsofaffi.

Wata ranar kasuwa wani dattijo makiyayi daga Wurma, can ƙasar Kurfi, ya kawo rediyonsa a naɗe cikin zane. Na ce ya je ya ci kasuwa ya dawo. Sai ya shimfiɗa buzunsa a gabana ya zauna.

"Ina nan, Malam. Yi aikinka."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata lalle wani mai gyara ne ya turo shi ya gwada ni. Duk notin da na kwance sai ya bi shi da ido har inda na jefa shi, ni ma ina satar kallonsa. A lokacin watsa su nake kan tabarma yadda suka faɗi, don na ɗauka kaina ya isa ya riƙe komai.

Waya ce ta tsinke. Na haɗa, na rufe akwatin, ya kama magana tangaram. Ina cikin fara'a sai na hango noti ɗaya kan tabarma. Ban san mazauninsa ba. Na ɗora ƙafa a kai a hankali, na miƙa masa kayansa.

Bai karɓa ba.

"Ɗan guntun nan mai jan kai bai koma gida ba."

"Baba, ƙirgawa ka yi?"

"Mi za ni ƙirga? Shanuna ma ba ni ƙirga su. Amma in ɗaya ba ta shigo ba, na sani."

Kunya ta rufe ni, ga mai tireda na kusa ya miƙo wuya. Na ɗaga ƙafa, na sake buɗe akwatin. Ashe notin ne ke riƙe da sifika. Da an ɗora akwatin a jaki, kafin Kurfi ya fara karkarwa.

Daga ranar nake jera notuna bi da bi a faifai, in zana mazaunin kowace waya a takarda kafin in taɓa ta. Wannan ɗabi'a ta ciyar da ni har zamanin talabijin.

Dattijon bai zage ni ba, ya ma yi godiya. Amma duk ranar kasuwa nakan ga mutanen Wurma da akwatunansu a kafaɗa, su gaishe ni da kyau, su wuce tashar motar Katsina, su kai gyara can. Har na tashi daga rumfar nan ko ɗayansu bai tsaya ba.