Riba ta Ɗalibanta, Asara Tata: Rayuwar Uwar Sabbi

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiyar da abokan aiki suka fi sani da Uwar Sabbi a shekarar 1961, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tela, marigayiyar ce ta uku a ɗakinsu. Ta shiga firamare a 1968, ta wuce sakandare, sannan a 1984 ta kammala karatun tattalin arziki a jami'a, bisa ɗawainiyar yayanta direban babbar mota.

Aiki da aure

A 1985 wani kamfanin zuba jari ya ɗauke ta aiki. Aikin dai shi ne, mutane su kawo abin da suka tara, galibi 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa, ma'aikata su zaɓi inda za a sanya shi ya haihu, ko hannun jarin masana'anta ko gine-gine. An ba ta tebur a lungun da fanka ba ta kaiwa, babu kuma wanda ya zauna ya koya mata komai. A shekara ta biyu aka kori wanda suka fara aiki rana ɗaya saboda kuskurensa na farko, tana kallo ya zuba kayansa a kwali ya fita.

Ta yi aure a 1988 da wani malamin makaranta, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Riƙon sababbin ma'aikata

Da aka ba ta shugabancin sashe a 1996, sai ta kafa wata ƙa'ida. Duk sabon ma'aikaci, a shekararsa ta farko shi zai zaɓi inda za a zuba jari, ita kuma ta titsiye shi da tambayoyi har sai ya yi gumi, in ta gamsu ta sa hannu. Idan an ci riba, da sunansa ake kai rahoto sama; idan an faɗi, da nata. Takwarorinta sukan ce, "Uwar Sabbi, kin mai da ofis gidan raino." Ita kuma takan ce, "Ai da an raine ku, da ba haka kuka fito ba." Sau biyu ana tsallake ta wajen ƙarin girma, domin a idon hukumar kamfanin babu mai yawan asara kamarta.

Barin aiki

A 2009 kasuwa ta faɗi. Wani saurayi da ake kira Dogo, wanda bai cika shekara a sashen ba, ya riga ya sanya wani kaso na asusun malamai 'yan fansho a wata masana'antar siminti, masana'antar kuwa ta rufe. Hukumar ta nemi sunan wanda ya yi zaɓin, ta kuma shaida mata cewa in ta faɗa, kujerarta tana nan har ta yi ritaya da cikakken haƙƙinta, saura shekara biyu. Mijinta ya tuna mata cewa yara biyu suna jami'a. Dogo da kansa ya miƙe zai je ya kai kansa, ta ce masa, "Zauna, ɗan nan. Shekararka ba ta cika ba."

Ta amsa wa hukumar cewa sa hannunta ne a kai. Aka sallame ta ba tare da haƙƙin ba, aka soke ƙa'idar a watan. Ita ce ta je taron 'yan fanshon ta yi musu bayani a tsaye. A cikinsu akwai aminin mijinta, wanda bai sake taka gidansu ba.

Ƙarshen rayuwa

Iyalin sun koma ƙaramin gidan haya, inda ta ci gaba da koyar da masu sha'awar aikin a falo duk Asabar. A 2018 Dogo ya zama shugaban sashen, ya zo ya gaya mata cewa hukumar ta ƙi maido da ƙa'idar, amma shi zai bi ta da sunansa. Ta tambaye shi ko matarsa ta sani, ya ce a'a. Ta ce, "To, fara da ita. Ba kai kaɗai za ka biya ba."

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2021 bayan doguwar jinya, tana da shekara sittin. An yi mata sutura washegari da safe a maƙabartar unguwa, tsofaffin ɗalibanta suka cika sahu. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbar ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata injiniya, ta uku malama kamar mahaifinta, sai auta, wanda ya bar makaranta a shekarar da aka sallame ta bai sake komawa ba. Walda yake yi a bakin titi, kuma shi ne ya yi jinyarta har ƙarshe. Allah ya jiƙanta.