Ranar da maigidana ya durƙusa mini a Sentul

Ba zan manta ranar da maigidana ya durƙusa a gabana a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawan Malesiya, ba.

Muna cin roti sai ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu, ya sauka kan gwiwa ɗaya. Na ce yau littattafan soyayyar da nake karantawa sun biyo ni har Malesiya, zobe ne! Har na miƙa yatsa.

Ashe guli ce ta zame masa daga akwatin ta shige ƙarƙashin tebur, irin tsofaffin ƙwallayen gilashin nan na wasan yara da yake tarawa.

Ya ɗago ta yana shafawa. "Amarya, dubi cibiyarta, nan aka yanke ta. Aikin hannu ne na Jamus, ba na inji ba. Kin ga yadda launinta ke murɗawa kamar hayaƙi? Babu irinta a duniya."

Na ce, "Yallabai, tun da aka kawo ni ka taɓa yi mini irin wannan yabon?"

Ya ce, "Ai ke na san inda aka yi ki. Kano."

'Yan uwa mata, ku ma haka naku suke? Ni dai gulin tana cikin jakata, kuma ba zai sake ganinta ba sai ya yabe ni yadda ya yabe ta.