Zango Ɗaya

Ina da shekara shida babana ya bar mu a Jidda ya koma Najeriya don ya shiga majalisa. Malamin makaranta ne a can gida. Aikin Hajji ya kawo shi, ya ga ummata, haifaffiyar Jidda, ya aure ta ya zauna yana yi wa alhazai tafinta a tashar jirgin ruwa. Wata shekara mutanen garinsu suka zo Hajji, suka same shi a gidanmu na unguwar Kurayyat, suka ce ana neman wanda zai wakilce su a majalisar Kaduna, kuma ba su da mai boko kamarsa. Kwana uku suna zarya kafin ya amsa.

Umma ta ƙi binsa. Tsohuwarta na kwance, can kuma ba ta san kowa ba, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ya ce mata, "Zango ɗaya zan yi, shekara biyar, in dawo." Ta ce, "Halas, shi ke nan, Allah ya kiyaye hanya."

Sau ɗaya a shekara muke jin labarinsa, idan alhazai sun sauka. Wani zai ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo wasiƙa da ɗan ƙulli na daddawa ko kuka. Ni nake kai wasiƙar wurin wani tela maƙwabcinmu ya karanta mana, don rubutun boko ne. Da shekara biyar ta cika, wasiƙar da ta zo cewa ta yi an sake zaɓe, jama'a sun matsa masa, ba yadda zai yi. Umma ta ce da telan, "Su jama'ar nan, ba su da wani ɗan ne sai shi?" Telan ya ninke takardar ya miƙo mini.

Ranar da rediyo ya ce soja sun karɓi mulki sun rushe majalisa, murna na yi. Allah ya yafe mini, don an kashe mutane a ranar, amma murna na yi. Umma ta fito da rigunansa daga akwati ta wanke ta shanya. Muka jira Hajji. Wasiƙa ta zo: soja ba za su daɗe ba, idan ya matsa wani zai gaje wurin.

Shekara goma sha uku babana yana gadin kujerar da babu ita, mu kuma muna jiran gawon shanu. Wani wuri a cikin shekarun nan fushina ya ƙare, kewar ma ta ƙare. Ban san ranar ba. In wasiƙa ta zo sai in ajiye ta kan taga, wani lokaci sai ta yi wata ba a karanta ba. Kawuna ne ya ɗaura mini aure da wani direban babbar mota. Umma ta yi jinyar wata biyu ta rasu, na aika masa da labari, amsar ta zo bayan wata tara, da addu'o'i shafi biyu.

Da soja suka sauka aka yi zaɓe, ya tsaya, ya ci kujerar majalisar jiha. A shekarar ya zo Hajji cikin jirgin sama. Na buɗe ƙofa na ga tsoho cikin babbar riga, ya ce, "Masu gidan suna nan?" Na ce, "Ni ce, Baba." Na shimfiɗa masa darduma, na dafa shayi. Na duba zuciyata ban sami komai ba, kamar tulun da aka kife.

Ya yi ta ba mijina labarin sabon tsarin mulki. Wai gwamna sau biyu kawai zai yi, dole ya sauka.

Na ce, "Ku fa, Baba? Sau nawa?"

Ya yi dariya. "Mu ba iyaka, 'yata. Muddin jama'a na son mutum."

Na ƙara masa shayi.

Da la'asar ya ce a kai shi kabarin Umma. Mijina ya dube ni, na ce, "Yalla, mu je." Mata ba sa shiga maƙabarta a nan, don haka na tsaya bakin ƙofa, a inuwar katanga, suka shiga su biyu. Akwai abin da ban faɗa wa Baba a gida ba, ban kuma san dalilin da ya hana ni ba. Kabari a Jidda ba suna, ba alama sai dutse. Wuri kuma ya yi kaɗan, in mutum ya yi 'yan shekaru sai a buɗe, a matsar da abin da ya rage gefe, a sa wani.

Ba su daɗe ba suka fito. Baba ya cire hularsa yana riƙe da ita a hannu. Ya ce, "Mai gadin ya ce wa'adinta ya cika tun bara. Wani ne a wurin."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya tsaya yana kallon katangar. Mijina ya tafi ɗauko mota.